Fayil na Sittin da Uku

Fayil na sittin da uku kaɗai ya rage wa Dakta Barakatu, kuma wata huɗu ke nan tana mai da shi ƙarƙashin sauran.

Ta fara binciken ne jim kaɗan bayan sadakar arba'in ɗin mahaifinta. Shekara biyu tana bin kotunan Funtua da Malumfashi, tana kwafar tsofaffin shari'un kisan kai. Abu ɗaya take son sani: tsoron igiyar rataya ne ke hana mutum kisa, ko talauci ne ke tura shi? Wanda aka yanke wa hukunci, in yana raye ta same shi, in ya mutu ta nemi danginsa.

Cikin sittin da biyu, hamsin da ɗaya talakawa ne futuk. Biyu kacal suka ce sun tuna da igiya kafin su ɗaga hannu. Ranar Litinin jami'a ke jiran rahoton. Gurbi ɗaya ya rage a takardar, kuma duk sunan da ta sa a ciki zai zauna a jerin masu kisa, da sa hannunta a ƙasa.

Ranar Asabar ta hau acaɓa daga Mahuta zuwa ƙauyen mai wannan fayil. A mararraba mai babur ya rage gudu zai yi tambaya, ta ce ya bi hagu, ta bayan firamare.

Abin da fayil ɗin ya ƙunsa gajere ne. Daminar 1991, aka tsinci wani manomi mai suna Toma a bakin ciyawar gambar da ta raba gonarsa da gonar audugar Alhaji Maiwada, kansa a fashe. Kusa da shi akwai fartanyar Hussaini, ɗan ƙwadago a gonar Alhaji. Mai gabatar da ƙara ya ce buhun takin zamanin Toma Hussaini ya so ya ɗauke. Yarinya 'yar shekara tara mai kai wa ma'aikata fura ta ce ta ga Hussaini ya sare shi. Saboda ƙuruciyarta ba a rubuta sunanta ba, Shaida ta Uku kawai aka sa.

Shekara goma sha tara Hussaini ya yi yana jiran igiya. Aka mai da hukuncin ɗaurin rai da rai, sai da ya makance aka sake shi.

Ta same shi a tsakar gidan ƙanwarsa Tsohuwa, yana ɓarar masara a faifai. Tsohuwa ta kawo kujera, Barakatu ta zauna a ƙasa. Aka kawo ruwa, ta riƙe kofin ba ta sha ba. Ta ce daga jami'a take, ta bayyana aikinta da murya ƙasa-ƙasa.

"To, Malama, bismilla," in ji shi. "'Yan jarida ma sun zo. Ku dai ba ku gajiya."

Ta bi tambayoyin a jere, yadda ta yi wa sauran. Gonarsa? Ba shi da ita. Abinci sau nawa a yini? Sau ɗaya, in marka ta yi. Ta rubuta Laraba a gurbin ranar kisan, sannan ta tambaye shi wace rana ce abin ya faru.

"Laraba," ya ce.

Da ta zo kan ko ya san hukuncin kisa kafin abin ya faru, sai ya yi dariya har masara ta zube.

"Igiya? Wanda ya karya da ruwan kanwa ina ya ga zarafin tunanin igiya? Ki sa talauci, 'yata. Shi alƙali ya sa. Da ina da gona da babbar riga, wa zai kalle ni?"

Ya laluba ƙwayoyin da suka zube, ya ci gaba ba tare da an tambaye shi ba. In rana ta take, kowane ɗan ƙwadago yakan kafa fartanyarsa daidai inda ya tsaya a layinsa, don ya gane wurinsa bayan an ci abinci. Ranar shi aka ba layin bakin iyaka. Ya kafa tasa, ya gangara rafi alwala shi kaɗai. Duk wanda ya je wurin gambar nan da fushi, ita ce hannunsa zai fara kaiwa.

"Na faɗa a kotu. Lauya ya ce wannan al'adar ƙauye ce, ba hujja ba."

Biron Barakatu ya tsaya. Tambayar da ta biyo baya ba ta cikin takarda.

"Baba, yarinyar fa?"

"Yarinya ce. Takan ƙara min ludayi ɗaya a ɓoye. Abin da aka ce ta faɗa ta faɗa, tana kuka. Shekarun farko na tsine mata, ba zan ɓoye miki ba. Daga baya na ce, ita ma ai an ɗaure ta. In tana raye, Allah ya ba ta 'ya'ya masu jin ƙai."

Tsohuwa ta yi tsaki daga bakin murhu. Barakatu ta sunkuyar da kai har mayafinta ya rufe takardar. Sannan ta ja layi biyu a kan sunan Hussaini. A gurbin arziki ta soke "talaka", ta rubuta gona shida da tarakta.

"Na ji kina ta soke-soke," in ji shi. "Ni ba ido gare ni ba. Karanta min abin da kika sa."

Ta ajiye kofin, ta durƙusa a gabansa bisa gwiwa biyu.

"Na rubuta wanda na ga ya zare fartanyarka, Baba, ina tsaye da ƙwaryar fura a kaina. Alhaji Maiwada ne, mahaifina."