Askin Mai Tuta

Bahago ya gama shafa wa surukinsa kumfa a haɓa ke nan aka fara shirin. Da don ta shi ne da an kashe talabijin ɗin, amma matarsa ta riga ta ɗora rimot a cinya, ta ƙara sauti don mahaifinta ya ji da kyau.

Kowa a unguwa ya san Bahago mai aski ba ya ƙaunar na'urar VAR, wadda alƙalan wasa ke komawa su duba bidiyo da ita kafin su yanke hukunci. In musu ya kaure a shagonsa, shi ne kan gaba wajen tsine mata. Cewa yake abin da ya wuce a bar shi ya wuce, garin tone-tone kaza ke tono wuƙar yanka ta. Masu jiran layin aski kan yi masa dariya, wai mutumin da ko ƙofar filin wasa ba ya bi, ina ruwansa da na'ura?

Surukin nasa kuwa, Mai Tuta ake ce masa, kuma ba don girmamawa ba. Fiye da shekara ashirin da suka wuce shi ne mataimakin alƙali a wasan ƙarshe na cin kofi. Ana dab da tashi ƙungiyar garin ta jefa ƙwallo a raga, shi kuma ya ɗaga tuta: satar gida. Aka soke ƙwallon, kofi ya tafi wani gari. Kafin ya kai ɗakin sauya kaya, dutse ya same shi a ido. Bayan 'yan shekaru ɗaya idon ma ya bi ɗan'uwansa.

Ba a gano wanda ya yi jifan ba, kuma maganar Allah ba wanda ya nema. Gari ya riga ya yanke nasa hukuncin, cewa maci amana ya girbi abin da ya shuka. Aka daina gaishe shi. Masu neman auren 'yarsa suka zare jiki ɗaya bayan ɗaya.

A wannan lokacin ne Bahago ya fara zuwa gidan da jakar kayan askinsa, ba wanda ya kira shi. Shi ke yi wa tsohon aski, shi ke riƙe masa hannu zuwa asibiti, daga baya ya auri 'yar. Tsohon kan ce Allah ya karɓi idanunsa biyu ya musanya masa da ɗa na halak. Duk sanda ya faɗi haka, Bahago sai ya sunkuyar da kai ya ci gaba da wasa askarsa.

To yanzu wani gidan talabijin ya tsiro da shirin tono tsofaffin ƙwallayen da aka yi rigima a kansu, a ja musu layin na'ura. Yau a kan ƙwallon Mai Tuta aka zo. In layin ya ce ya yi kuskure, ɗan guntun mutuncin da ya rage masa a cikin gidansa ma ya tafi. Tun da aka sanar Bahago ke roƙo a bar Baba ya huta. Baba ya ce sam.

"A layin mai tsaron baya na ƙarshe nake, kafaɗa da kafaɗa, yadda aka koya mana," in ji tsohon, kumfa na motsi a haɓarsa. "Na ga ƙafar yaron ta wuce. Idona bai yi min ƙarya ba."

"Daina motsi, Baba, kada in yanke ka," Bahago ya ce.

Aka tsayar da hoton. Aka ja shuɗin layi, aka ja ja. Ƙafar ɗan wasan ta wuce, ba ma da ɗan yatsa ba, da takalmi guda cur.

Matar ta fashe da kuka. "Baba, gaskiyarka ce! Wallahi gaskiyarka ce!"

Tsohon bai yi murna ba. Sai ya ce, "Ita na'ura ta ji daɗinta. Ba ta da idon da za a fasa mata."

"To alhamdulillahi, a kashe haka nan," in ji Bahago. Ya ci gaba da askin.

Ba ta kashe ba. Mai gabatarwa na cewa ba su gama ba, sun wanke sauran faifan, har da abin da kyamarar da ke fuskantar 'yan kallo ta ɗauka bayan tashi. Hoton ya rage gudu, ya tsaya, ya matso kusa, ya ƙara matsowa.

"Me suke nunawa?" tsohon ya tambaya. "Ku faɗa min mana, kun yi shiru."

A allon an zagaye wani saurayi da jan layi, dutse a hannunsa na hagu, ita kuwa matar ta riga ta ɗauke ido daga fuskar da ta fi sani a duniya, ta mijinta, ta zuba shi a kan wannan hannun dai, riƙe da aska a maƙogwaron mahaifinta.