Hancin Maikano

Maikano ya datse kan tabar da 'yar wuƙarsa, ya mirgina ta tsakanin yatsu, ya kara ta a kunne kamar mai jiran ta gaishe shi. Mutum shida ne a barandar Alhaji Harun da ke kallon kogin Nilu ta ɓangaren Giza, kuma babu wanda ya yi ko tari. Iliya kuwa, abokin aikin Maikano, ido ya zuba masa, don shi kaɗai ya san abin da ke cikin naɗin nan.

Kamfanin Alhaji Harun marasa lafiya yake kawowa daga Najeriya zuwa asibitocin Alƙahira, har da masu ciwon huhu. Wannan bai hana Alhaji son tabar Kuba ba, irin mai kaurin nan da ake ajiyewa shekaru a akwatin katako. Son ta yake, amma bai san kanta ba. Maikano ne hancinsa. Duk Juma'a bayan an sauko daga masallaci, sai a ba shi kara ɗaya ya zuƙa, ya tashi ya ɗan zaga, wai sai taba ta sha iska take faɗin gaskiya, ya leƙa falo wajen mata, ya dawo ya yanke hukunci. "Tsohuwar fata ce, ranka ya daɗe, da gasasshiyar gyaɗa a ƙarshe." Sai Alhaji ya lumshe ido ya ce wallahi shi ma abin da ya ji ke nan.

Iliya ne ke tarbar marasa lafiya a filin jirgi, shi ke tafinta gaban likita, shi ke nema musu masauki a unguwar Madinat Nasr. Maikano aikinsa a ofis bai wuce shan shayi da feshin turare ba, turaren da idan ya shiga lif da shi sai maƙwabta su bi matakala. Amma da aka ce za a mayar da ɗayansu Kano ƙarshen wata, Iliya ya san ba hancin Alhaji za a mayar ba. Ga 'ya'yansa biyu suna tsakiyar karatu a nan. Abin ya ci masa rai ƙwarai.

Shi dai ya daɗe yana zargin ƙarya Maikano ke shararawa. Don haka ya je kasuwar Ataba ya sayi wata taba a kan tebur, kusa da mai sayar da safa, ya maƙala mata zoben takardar wata mai tsada da Alhaji ya yar. Ya kawo ta a matsayin kyauta, ya ce shekararta ashirin a ajiye. Jira kawai yake Maikano ya yabe ta, shi kuma ya fito da hoton teburin nan a waya.

Maikano ya ƙyasta doguwar ashana, ya gasa bakin tabar a hankali, ya zuƙa. Ya juya hayaƙin a baki, ya fesar sama, ya gyaɗa kai.

"Tamam," ya ce ƙasa-ƙasa, wato ta yi daidai, da Larabci.

Iliya ya damƙe wayarsa a aljihu.

Sai Maikano ya miƙe zagayensa. Ta gilashin ƙofa Iliya ya hango shi ya sunkuya wajen matarsa Zulaihatu, wadda ba ya zuwa ko'ina ba tare da ita ba, har ana yi masa tsiya. Ta ja gyale ta toshe hanci, ta faɗi wata magana fuska a murtuke. Iliya ya ce a ransa, ko matar ma ta gaji da shi.

Maikano ya dawo, ya ajiye tabar a faranti kamar mai ajiye mushe.

"Ma'alish, sai haƙuri, ranka ya daɗe. Wannan ko wata ashirin ba ta yi ba. Tsohuwar katifa ce ke ƙonewa, da ɗan jiƙaƙƙen kwali. An dai cuci Malam Iliya."

Alhaji ya yamutsa fuska ya ce shi tun da aka kunna ya ji. Sauran ukun ma ashe duk sun ji. Iliya ya saki wayar, don gara a ce masa wawa da a ce masa mayaudari.

"Mutumin da za a cuta a kan taba," in ji Alhaji, "yaya zan bar masa marasa lafiya? Khalas, magana ta ƙare."

Ranar Litinin tikitin Iliya ya fito.

Ana saura kwana biyu ya tafi, Iliya ya hau ƙaramar bas zuwa unguwar Faisal don yi wa Maikano sallama. Har ga Allah gafara ya je nema, don yanzu ya yarda ya zargi mai baiwa. Tun daga matakala warin gas ya daki hancinsa, a bakin ƙofa kuwa har idonsa na ruwa. Ya tarar da Maikano shi kaɗai a falo, tagogi a rufe, ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya, tabar Kuba ta gaske a bakinsa.

"Yalla, zauna," Maikano ya ce, yana zaro ashana. "Yau za ka ji ta shekara ashirin."

Iliya ya yi tsalle ya riƙe masa hannu. Daidai nan Zulaihatu ta shigo daga cefane. Ta zubar da ledoji, ta ruga kicin ta kashe tukunyar gas, ta bi tagogi tana buɗewa.

"Malam Maikano," in ji Iliya, "duk wannan warin, kai ba ka ji ba?"

Maikano ya sunkuyar da kai. Zulaihatu ce ta amsa daga bakin taga, tana fifita da gyale.

"Kada ka ga laifinsa, Malam Iliya. Tun da korona ta kwantar da shi hancin nan bai sake jin komai ba, ni nake shaƙa masa."