Mara Lafiyar Samaru

Talata ce, ana yayyafi tun safe. Dattijo Mordecai yana zaune a ƙofar ɗakinsa a Sabon Gari, yana kallon ruwan indararo na cika bokiti, sai ga Fasto Albert da lema.

Mordecai bai tashi ba. Shekara talatin da biyu ya yi yana duba layin dogo, maganarsa gajeriya ce. Tun da aka binne matarsa Susanna a watan Janairu ta ƙara gajarta. 'Yan Zumuntar Maza sun zo masa ziyara sau uku, sau uku ya sallame su daga bakin ƙofa. Shekara ashirin shi ke jagorantar masu ziyarar marasa lafiya. Shi ke zuwa, ba a zo masa.

"Baba, akwai dattijo a ikilisiyar nan da baƙin ciki ya danne," in ji Fasto. "Ba ya ci, ba ya barci, ba ya fita. Ina tsoron kada mu rasa shi. Ina so kowace Talata ka je gidan Malam Dominic a Samaru."

"Kirista da baƙin ciki? Rashin bangaskiya ne. A ba ni wata ɗaya."

"Ban da wa'azi, Baba. Da annabi Iliya ya gaji da ransa, abinci da barci aka fara ba shi."

Mordecai ya lalubo takalminsa a ƙarƙashin gado, ya kaɗe yanar gizo-gizo, ya huda wa bel ɗinsa sabon rami da ƙusa, ya je tashar PZ ya hau bas.

Dominic tsohon ma'aikacin gonar gwaji ne, ya yi ritaya. Mordecai ya same shi a lambu yana fito, kumatu kamar an hura, tumbi na gaba yana binsa. Ya ce a ransa, lallai abin ya yi nisa. Mai dariya haka, Allah kaɗai ya san abin da yake ɓoyewa.

Martina matar gida ta kawo tuwon masara da miyar kuka. Dominic ya kalli kwanon ya ture.

"Ci," in ji Mordecai.

"Yaya, ni kaɗai ba ya wucewa."

Dole Mordecai ya wanke hannu. Don ya ba da misali mai kyau ya cinye malmala guda. Ya daɗe bai ga abinci mai zafi ba, har gumi ya yi. Mara lafiyar ya ci biyu.

Talata ta biyu Dominic ya ce ƙafafunsa sun yi nauyi, sai an raka shi. Suka taka har kasuwar Samaru suka dawo. Mara lafiyar ya gaisa da mutum ya fi talatin, Mordecai kuwa yana haki a bayansa. Da suka dawo ya zauna a benci don ya sa wa Dominic ido. Ya farka da la'asar, an rufa masa zane.

Talata ta uku suka yi addu'a. Dominic ya ce shi bai san yadda mutum zai gaya wa Allah cewa ransa ya ɓaci da Shi ba.

"Kai tsaye ake gaya masa," in ji Mordecai. "Saurara ka koya."

Ya durƙusa ya nuna masa. Ya tambayi Ubangiji dalilin da ya ɗauki Susanna ya bar tsoho da bai san inda ake ajiye gishiri ba. Ya yi tambayoyi da yawa. Da ya ce amin rigarsa ta jiƙe. Dominic ya ce ya fara ganewa, amma yana so a maimaita mako mai zuwa.

Wata ɗaya ya wuce, mara lafiya bai warke ba. Sai Dominic ya ce yana tsoron ganin likita shi kaɗai. Mordecai ya ce magani ma baiwar Allah ce, ai da, in layin dogo ya tsage, ba addu'a kaɗai suke yi ba, har da guduma. Ya ja shi asibiti.

Likitar yarinya ce, ba ta ma gane wanda ya kawo wani ba. Mordecai ta yi ta tambaya. Yana barci? Ƙirjinsa na bugawa ba dalili? Ya taɓa jin da ma bai farka ba? Ya amsa duka da gaskiya, don Dominic ya ga ba abin kunya ba ne. Dominic na bakin ƙofa yana ɓarar gyaɗa. Har katin ranar dawowa sunan Mordecai ta rubuta. Bai gyara mata ba, kada ya kunyata ta. Ya koma sau huɗu, saboda Dominic.

Masara ta nuna. Bel ya koma tsohon raminsa. Mordecai ya sayi batir ya sa wa rediyon Susanna. Ran wata Talata, bayan malmala uku, ya ja wa Dominic waƙar sujada tun daga farko har ƙarshe, ya kuma yi masa faɗa kan yadda yake dasa tumatir. Dominic ya yi dariya har da hawaye. Mordecai ya dube shi sama da ƙasa, ya yanke hukunci: an gama.

Ƙa'idar masu ziyara ita ce, in mutum ya tashi, a kai wa Fasto rahoto ranar Laraba. Washegari da safe Mordecai ya goge takalmi, ya sa rigar Lahadi, ya taka zuwa ofishin coci yana shirya kalmomi huɗu: mutumin nan ya warke.

Wani ya riga shi. Ta taga ya hango tumbi, ya ji muryar Dominic: "Fasto, mara lafiyar da ka ba ni ya tashi. Jiya malmala uku ya ci, har faɗa ya yi mini."