Fenaritin da Malam Garba ya ba ni

Ina aji biyar muka kara da 'yan Ambursa a filin makarantarmu da ke Nasarawa. Ana ɗaya da ɗaya, saura minti biyu, na kutsa gaban raga da ƙwallo. Bulus, mai tsaron bayansu, yana bina, sai na zube da gangan.

Malam Garba, malaminmu da ke alƙalancin wasan, ya iso yana haki.

"Ya taɓa ka?"

"Awo, Malam."

"Ban gani ba. Amma ba ka taɓa yi man ƙarya ba."

Ya busa fenariti, na buga na ci. Bulus ya durƙusa yana kuka yana rantsuwa.

Malam ya rasu bara. A wurin ta'aziyya ana ta yabon adalcinsa, ni kuwa na kasa ɗaga kai.