Makunnin Teburin Jibo

"Jibo, cire makunnin nan ko ka bar mana aiki!" in ji Alhaji Sirajuddeen, manajan sabon gidan ɗinkinmu na Dutsin-Ma.

"Ba zan cire ba, Alhaji. Da idona nake zura zare, ba da naka ba."

Makunnan fitilun ɗakin duk a akwati guda suke, ya garƙame, mabuɗi na aljihunsa. Ni kuwa da duhu ya ishe ni, na ja waya na yi wa teburina nawa. Da na ƙi cirewa, nan take Alhaji ya sallame ni daga aiki.

Ina tattara kayana Injiniya Nana Fatima ta shigo, wadda za ta ba ginin shaidar tsimin lantarki.

"Wa ke kunna wa teloli wuta?" in ji ta.

Alhaji ya kaɗa mabuɗi. "Ni kaɗai, ranki ya daɗe."

"To, kun faɗi. Ƙa'ida ita ce kowane ma'aikaci ya iya kunna fitilarsa, ya kashe." Ta nuna teburina. "Irin wannan nake so a tebur talatin, kafin Alhamis. Wa ya haɗa?"

Alhaji ya juyo yana yaƙe. "Jibo, ɗana..."

Na saɓa jakata, na kashe fitilata.

"Alhaji, ai ni ba na aiki a nan."