Gansakukar Bayan Ɗaki

Ta sami mahaifinta a gida Kurfi da burushi a hannunsa, ita kuma idanunta jajur.

"Baba, duk ta mutu. An ɗauke wuta kwana da kwanaki, injin da ke raya ta ya tsaya."

Gansakuka take nufi. A kanta karatunta na jami'ar Dutsin-Ma ya ta'allaƙa, tana sauya mata halitta don ta riƙa ba da man girki wanda ba ya toshe jijiyar zuciya. Yanzu ko ta iri ba ta rage ba, ga jarrabawa ta matso.

Shi dai bai ga abin kuka a datti ba. Kwalbar gansakukar da ta kawo masa bara don ya yi alfahari, tana juya baya ya tuttule ta a tsohuwar randar bayan ɗaki.

"Koriyar nan ta kwalba?"

"Ita, Baba."

"Biyo ni. Tun bara nake kankare 'yar banza tana dawowa. Yau ruwan zafi na ɗora mata."

Ta durƙusa gaban randar, ta ga gansakukarta a raye, koriya shar. Shi kuwa ya dubi tukunyar da ke tafasa, ya ce a kawo masa ganyen shayi.