Mai Ƙwarewa

"Gurbin sitaj ɗaya ne, kuma mun ba mai ƙwarewa," in ji Mushe Abdurrazak, shugaban furojen kiwo a Dakoro. Ya turo wa Na'Allah dosiyen takardunsa, bai ko ɗaga kai ba.

Shekara uku Na'Allah yana karatun kiwo a jami'a. In babu sitaj, wato zaman koyon aiki, babu difilom. Ya naɗe takardunsa ya koma rugarsu a Rumbu, bayan shanun babansa.

Ranar rigakafi motar furoje ta iso ruga. Mushe ya sauko da mai ƙwarewar, Amiru, ɗan ƙanwarsa. Wata saniya ta kaɗa ƙaho, Amiru ya yar da allura ya haye mota.

"Kai, makiyayi! Zo ka nuna masa," in ji Mushe.

Na'Allah ya ɗauki allurar. Kafin azahar ya gama da shanu tamanin, Amiru na rubutawa daga cikin mota.

Mushe ya dafa kafaɗar Na'Allah, ya girgiza kai cikin tausayi.

"Ka gani, Amiru? Irin waɗannan, da iyayensu sun sa su lakwal sun yi karatu, da ƙasar nan ta ci gaba."